Idan Ƙwaya Ta Kayar da Mutum: Agajin da Za Mu Iya Bayarwa Kafin a Isa Asibiti

Jawabin da aka gabatar a babban taron reshe, an buga shi a nan domin amfanin mambobi da iyalansu

 

Mun saba idan muka taru a wannan zaure, zancenmu ba ya wuce albashi da ƙarin girma da cunkoson yara a aji da haƙƙin waɗanda suka ajiye aiki. Duka waɗannan haƙƙoƙinmu ne, kuma ba za mu gaji da nemansu ba. To amma yau shugabanni sun ba mu dama mu tattauna wani lamari na daban, wanda ya shigo unguwanninmu, ya shigo gidajenmu, har ya tsallako katangar makarantunmu. Lamarin kuwa shi ne: mene ne ya kamata mu yi idan muka tarar da mutum a kwance ba ya motsi, kuma muna kyautata zaton ƙwayar da ya sha ce ta fi ƙarfinsa?

Mu malaman firamare ne, ba likitoci ba, kuma wannan jawabi ba zai mayar da kowa likita ba. Abin da muka tattaro shi ne ka'idojin agajin gaggawa da ma'aikatan lafiya suka amince duk wani mai hankali zai iya aiwatarwa da hannunsa. Dalilin da ya sa muke buƙatarsu kuwa shi ne, ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana fara lalacewa idan ta yi minti huɗu zuwa shida ba ta samu iska ba. A mafi yawan garuruwanmu babu likitan da zai iso cikin minti shida. Wanda yake tsaye a kan mara lafiyan a wannan lokaci, shi ne likitansa na farko, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Girman matsalar

A rahoton binciken shan miyagun ƙwayoyi na shekarar 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, an ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. Daga ciki, kimanin miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba, kimanin miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari don buguwa. Rahoton ya ƙara da cewa a cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. A watan Mayun 2018, bayan wani shirin bincike da BBC ta watsa, gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Duk da haka, kowa a cikinmu ya san kwalaben ba su ɓace daga kwatocinmu ba.

Ba sai an kawo mana ƙididdiga ba. Da yawa daga makarantunmu ba su da katanga, wasu azuzuwan ba su da ƙofa, kuma da dare sukan zama matattarar matasa. Da safe ɗalibanmu ne ke share fankon kwalabe da bawon ƙwayoyi kafin a fara darasi. Waɗancan matasa kuma ba daga wata ƙasa suka zo ba. Yawancinsu sun zauna a gabanmu, mu muka koya musu baƙi da wasali, wasunsu ƙannenmu ne, wasunsu 'ya'yan cikinmu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda waɗannan ƙwayoyi ke kisa

Tiramadol, wanda aka fi sani da tiramol, da kodin, da allurar fentazosin da ake kira fenta, da mofin, da hodar iblis ta hiroyin, duk 'yan gida ɗaya ne. Likitoci suna kiran su ofiyoyid, wato dangin ofiyom. A hannun likita magunguna ne masu amfani wajen rage raɗaɗin ciwo mai tsanani. Sai dai a can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ke ba jiki umarnin shaƙar iska da fitar da ita, ko muna barci ko muna farke. Idan waɗannan ƙwayoyi suka yi yawa a jini, sai su danne wannan sashe. Numfashi ya riƙa raguwa, ya yi sama-sama, ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, daga ƙarshe ya tsaya. Zuciya takan ci gaba da bugawa na ɗan lokaci, sannan ita ma ta tsaya saboda rashin iska. Ga kuma harshe da ke sakewa ya faɗa baya ya toshe maƙogwaro, ga amai da ke iya gangarawa cikin huhu. Saboda haka a riƙe wannan da kyau, domin a kansa duk sauran bayanin ya ginu: rashin numfashi ne ke kashe wanda ƙwaya ta kayar. Duk abin da zai buɗe masa hanyar iska agaji ne, duk abin da zai toshe ta kuma cutarwa ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Akwai abubuwan da ke ƙara haɗarin. Na farko shi ne ƙarfin ƙwayar. Tiramadol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, kuma likita ba ya wuce wa babban mutum miligiram 400 a yini guda. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa akwai mai 200, da mai 225, har da mai 250. Ke nan ƙwaya biyu kacal sun kai wannan iyaka ko sun zarce ta. Na biyu shi ne haɗe-haɗe: shan tiramol ko kodin tare da ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam da roci, ko tare da barasa, domin kowannensu yana danne numfashi ta nasa ɓangaren. A 'yan shekarun nan ma an samu ƙwayoyin da aka haɗa tafentadol da wani maganin sassauta tsoka a ciki, ana sayar da su a ƙasashen Afirka ta Yamma a matsayin tiramol, alhali sun fi shi haɗari. Na uku, wanda iyaye da dama ba su sani ba, shi ne komawa shaye-shaye bayan hutu. Wanda ya yi makonni bai sha ba, saboda yana gidan gyaran hali, ko gidan yari, ko kwance a asibiti, jikinsa ya rasa juriyar da ya saba da ita. Idan ya fito ya sha adadin da ya saba a da, wannan adadin kan iya zama ajalinsa. Don haka makonnin farko bayan dawowar yaro gida su ne suka fi buƙatar sa ido. Na huɗu kuma shi ne ƙananan yara da ke tsintar magani a gida su haɗiye, musamman maganin tari mai zaƙi. Abin da babba zai sha ya yi barci, yaro ɗan shekara uku zai sha ya daina numfashi.

Yadda za mu gane

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci alamomi uku da idan suka haɗu ake zargin wannan matsala: gushewar hayyaci, matsalar numfashi, da ƙanƙancewar ɗigon ido. Gushewar hayyaci na nufin a kira sunansa da ƙarfi, a girgiza kafaɗarsa, bai amsa ba. Idan aka dunƙule hannu aka murza ƙashin tsakiyar ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu, wanda yake barci ko maye kawai zai motsa ko ya ture hannun, amma wanda ƙwaya ta fi ƙarfinsa ba zai motsa ba. Numfashi kuwa, babban mutum lafiyayye yana yin sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan ya koma ƙasa da goma, ko ana jin tazara mai tsawo tsakanin wani da wani, akwai haɗari. Ido kuma, a ɗaga fatarsa a duba baƙin ɗigon da ke tsakiya, za a ga ya tsuke kamar kan allura ko da a cikin duhu ne. Sai dai kada a dogara da ido kaɗai, domin tiramol da haɗe-haɗen ƙwayoyi ba kullum suke tsuke shi ba.

Littattafan Turawa sukan ce fatar mutum za ta yi shuɗi. A jikinmu na baƙar fata ba haka abin yake bayyana ba. Wuraren da za mu duba su ne cikin leɓe, da dasashi, da harshe, da ƙarƙashin farce, inda za a ga sun yi toka-toka ko sun dusashe. Jiki yakan saki, ya yi sanyi da danshin gumi.

Akwai alama guda da ta yaudari gidaje da yawa, wato minshari. Za a ji yaro yana wani irin minshari mai nauyi haɗe da kakari, sai a ce ai barci yake yi, a ja masa ƙofa a bar shi ya huce. Wannan sautin na maƙogwaron da ke toshewa ne. Duk wanda aka san ya sha wani abu, yana irin wannan minshari, kuma an tashe shi bai tashi ba, to ba barci yake ba.

Wani zai ce, to idan ba ƙwaya ba ce fa? Gaskiya ne, faɗuwar sukari a jini, da shanyewar ɓarin jiki, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da buguwa a kai, duk suna iya sumar da mutum. Alhamdu lillahi, matakan farko iri ɗaya ne a dukkansu. Ba aikinmu ba ne mu tantance cutar. Aikinmu shi ne mu riƙe masa numfashi har ya isa hannun masana.

Matakan agaji

Mataki na farko, a duba wurin. Idan akwai allura ko fasasshiyar kwalba a kawar da ita da tsinke ko takalmi, kada a ɗauka da hannu. A matsar da 'yan kallo baya, a buɗe taga, idan a makaranta ne wani malami ya janye ɗalibai daga wurin.

Mataki na biyu, a nemi taimako nan take, kuma a kama suna. Idan aka ce "wani ya samo mota", kowa zai tsaya yana kallon kowa. A nuna mutum ɗaya a ce, "Malam wane, je ka samo adaidaita sahu yanzu." A nuna wani a ce ya kira ma'aikacin lafiya mafi kusa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce, a gwada ta, amma kada a zauna jiran ta alhali akwai abin hawa a kusa.

Mataki na uku, a buɗe hanyar iska. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a sa hannu ɗaya a goshinsa a tura kan baya kaɗan, a sa yatsu biyu a ƙarƙashin haɓarsa a ɗaga ta sama. Wannan ɗagawar ce ke janye harshe daga maƙogwaro, kuma sau da yawa ita kaɗai takan dawo da numfashi. Idan ana ganin amai ko wani abu a bakinsa, a juya shi gefe a share da ƙyalle. Daga nan a kara kunne kusa da bakinsa, ido yana kallon ƙirjinsa, na tsawon daƙiƙa goma. Abu uku ne za a tarar.

Idan yana numfashi daidai amma bai farfaɗo ba, a kwantar da shi a gefensa. A miƙe hannun da ke kusa da mai agaji, a ɗora ɗaya hannun a ƙarƙashin kuncinsa, a lanƙwasa gwiwar ƙafar da ke nesa, a jawo shi da ita ya juyo gefe, a ɗaga haɓarsa, bakinsa yana kallon ƙasa. Haka amai zai zubo waje maimakon ya koma huhu. A zauna kusa da shi ana lura da numfashinsa, domin lamarin kan iya sauyawa cikin minti kaɗan.

Idan yana numfashi amma a hankali ƙwarai, ko sama-sama, sai a taimaka masa. A toshe hancinsa da yatsu biyu, haɓa tana ɗage, a rufe bakinsa da baki a hura iska na daƙiƙa ɗaya har a ga ƙirjinsa ya taso. A sake hurawa bayan kowace daƙiƙa biyar zuwa shida. Idan ƙirjin bai taso ba, a gyara ɗagawar haɓa a sake gwadawa. Ana iya shimfiɗa siririn ƙyalle mai tsabta a kan bakin. Iskar da muke fitarwa tana ɗauke da sauran iskar oksijin da ta isa ta riƙe ran wani.

Idan kuwa ba ya numfashi sam, ko sai wata shaƙuwa jefi-jefi, a fara danna ƙirji ba tare da ɓata lokaci wajen neman bugun jijiya ba. A ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a ɗora ɗaya hannun a kai, a miƙe gwiwar hannu, a danna da nauyin jiki zurfin santimita 5 zuwa 6, da saurin sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. Bayan dannawa 30 a hura iska sau biyu, a koma dannawa. Aiki ne mai gajiyarwa, don haka a riƙa karɓar juna bayan kowane minti biyu. Wanda ba zai iya hura iska ba ya ci gaba da dannawar, domin ta fi zama haka nan nesa ba kusa ba. Idan ƙaramin yaro ne, a fara da hura iska sau biyar a hankali, a danna da hannu ɗaya, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa. Wani lokaci haƙarƙari kan tsage wajen dannawa. Kada wannan ya sa a tsaya, ƙashi yana warkewa.

Tiramol yana da wata illa ta daban, wato jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Idan ta zo, a kawar da abin da zai buge shi, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada kuma a cusa masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki. Idan ta lafa a juya shi gefe a duba numfashinsa.

Mataki na huɗu shi ne kai shi asibiti, kuma yadda ake ɗaukarsa yana da muhimmanci. An saba a ɗora sumamme a babur, a sa shi tsakanin mutum biyu, kansa a sunkuye haɓa tana taɓa ƙirji. Wannan zaman yana rufe maƙogwaro ruf. A kwantar da shi a gefensa a kujerar baya ta mota ko ta adaidaita sahu, mutum ɗaya ya riƙe kansa yana ɗage haɓar, yana lura da numfashi har a isa. A tafi da duk kwalba ko bawon ƙwaya da aka gani kusa da shi. A nufi sashen gaggawa na asibiti, ba shagon kemis ba. Da isa a faɗi gaskiya: abin da ake zaton ya sha, da yawansa, da lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe.

Maganin da ke karya ƙarfin ƙwayar

Akwai magani mai suna nalokson, wanda yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikinsa shi ne ture ofiyoyid daga inda ya maƙale a ƙwaƙwalwa, sai numfashi ya dawo, galibi cikin minti biyu zuwa uku. Ana yin sa ta allura, akwai kuma na fesawa a hanci. Tun shekarar 2014 hukumar ta ba da shawarar a wadata shi ga mutanen da ake ganin za su iya cin karo da irin wannan lamari, kuma a 2023 Amurka ta amince a sayar da na fesawar ba tare da takardar likita ba. A wajenmu bai yaɗu a hannun jama'a ba tukuna, amma yana da kyau mu san sunansa, mu tambaye shi a asibiti. Idan aka yi wa wanda ba ofiyoyid ya sha ba, ba ya cutar da shi.

Nalokson yana da iyaka. Ba ya karya ƙarfin diyazafam ko roci ko barasa, ba ya kuma hana jijjigar da tiramol ke jawowa. Ƙarfinsa yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, alhali ƙwayar tana nan a jini. Don haka mutum zai iya farfaɗowa, ya tashi a ruɗe yana faɗa yana cewa a mayar da shi gida, bayan awa ɗaya kuma ya sake sumewa. A lallashe shi ya zauna har likita ya sallame shi da kansa. Haka nan wanda ya farfaɗo a gida ba tare da magani ba, shi ma a kai shi a duba, kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.

Abubuwan da za mu guje wa

Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai abubuwan da muka gada ana yi wa sumamme, da nufin alheri, amma suna ƙarasa shi. Kada a ɗura masa madara, ko manja, ko ruwan gishiri, ko lemon kwalba, ko ruwan rubutu, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin huhunsa zai tafi. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Kada a sheƙa masa bokitin ruwa a fuska ko a tsoma shi a ruwa. Kada a yi masa hayaƙi ko turare, mai neman iska ba a ƙara masa hayaƙi. Kada a mare shi ko a doke shi don ya tashi, kada a tayar da shi tsaye a ce sai ya yi tafiya. Kada a kira wani ya yi masa allura a gida da sunan farfaɗo da shi. Addu'a kuwa muna yin ta, kuma ba mu da abin da ya fi ta, amma baki yana addu'a hannu yana aiki, ƙafa tana hanyar asibiti. Allah da Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani, kuma Shi Ya umarce mu da riƙon sababi.

Abin da ke ɗaure mana hannu

'Yan'uwa, matakan nan ba su da wuyar koyo. Abin da ya fi wuya shi ne abin da ke cikin zukatanmu. Na farko kunya ce. Gida mai mutunci yakan ga gara a rufe ƙofa a jira gari ya waye da a fita da yaro a buge maƙwabta suna kallo, balle idan budurwa ce ko matar aure. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: wanne ya fi sauƙi, surutun unguwa na mako guda, ko zaman makoki? Surutu yana wucewa, wanda aka binne ba ya dawowa.

Na biyu tsoro ne, kada a ce kai ka kashe shi, ko a riƙe ka a ofishin 'yan sanda. Wannan tsoro yana da tushe, ba za mu raina shi ba. Shi ne ke sa abokan shaye-shaye su gudu su bar ɗan'uwansu a kango. Maganinsa shi ne kada mutum ya yi aikin shi kaɗai: a kira shaidu, a sanar da mai unguwa ko shugaban makaranta, a rubuta lokacin da aka tarar da shi da abin da aka yi masa. Mu kuma sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili.

Na uku shi ne batun taɓa jikin wanda ba muharrami ba. Malamanmu na addini sun yi bayani cewa lalura tana da hukuncinta, kuma ceton rai yana gaba. Duk da haka, hanya mafi sauƙi ita ce malamai mata su koyi wannan aiki kamar yadda maza za su koya, domin su ne ke shiga cikin gidaje inda namiji ba ya shiga, kuma su ne za a fara kira idan abin ya faru da mace.

Na huɗu, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne hukuncin da muke yankewa a zuci, cewa ai shi ya jawo wa kansa. To, mu malamai ne. Sana'armu gaba ɗaya ta ginu ne a kan cewa yaron da ya faɗi jarrabawa bana zai iya ci baɗi. Mutum ba ya tuba sai yana da rai, ba ya shiryuwa sai yana numfashi. Wa'azi da faɗa da neman magani duk suna da ranarsu, amma sai an fara ceto ran tukuna. Bayan ya warware, a nema masa taimakon masana a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti ko sashen ba da shawara na hukumar NDLEA, domin wanda ƙwaya ta taɓa kayarwa sau ɗaya yana cikin haɗarin ta sake kayar da shi.

Shawarwari ga reshe

Mai girma Shugaba, sauraren jawabi ba ya koya wa hannu aiki, kamar yadda ba a koyon rubutu da kallon allo. Don haka muna gabatar da shawarwari huɗu. Na ɗaya, reshe ya gayyaci ƙungiyar Red Cross ko ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su horar da aƙalla malamai biyu daga kowace makaranta, namiji da mace, a aikace, tare da masu gadi, domin su ne ke fara isa makaranta da asuba. Na biyu, kowace makaranta ta liƙa takarda a ofishin shugaba mai ɗauke da lambar ma'aikacin lafiya mafi kusa da ta masu abin hawa biyu ko uku na unguwa, a kuma sa safar hannu da ƙyalle mai tsabta a akwatin agajin gaggawa. Na uku, a kai wannan bayani taron iyaye da malamai da kwamitin gudanar da makaranta, a roƙi iyaye su riƙa kulle magunguna inda hannun yara ba zai kai ba, a kuma koya wa ɗalibai cewa duk wanda ya ga mutum a kwance ba ya motsi, ko ya tsinci ƙwaya ko allura, ya kira babba nan take kada ya taɓa. Na huɗu, uwar ƙungiya ta sa batun katange makarantu da wadata asibitocinmu da nalokson cikin buƙatun da take miƙa wa hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin mu zauna, ga abin da muke roƙon kowa ya koma gida da shi ya faɗa wa iyalinsa a daren yau. A tashe shi, idan bai tashi ba a kira taimako. A ɗaga haɓa a duba numfashi. Idan yana numfashi a kwantar da shi a gefe, idan numfashin ya yi rauni a hura masa iska, idan ya tsaya a danna ƙirji. Kada a ba shi komai ta baki, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a faɗi gaskiya.

 Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yaye wa waɗanda suka faɗa cikin wannan jarrabawa, Ya ba iyayensu juriya, Ya sa mu zama sanadin ceto a duk inda muka samu kanmu. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.